Kitsen Bunsurun Farfesa

Yayana bai taɓa jin ƙarshen magana ba a rayuwarsa, kuma in za a yi adalci, rabin laifin na aikinsa ne. Shekara goma sha tara yana gadin ƙofa a wani ofishin binciken dabbobi, kuma Allah ya sa tagar ɗakin lacca tana daidai bayan bencinsa. Duk ranar da masana suka taru sai ya jingina da bango ya kasa kunne. Da magana ta fara daɗi sai wata mota ta danna hon, ya ruga ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tsaya gaisawa da direba da tambayar iyali. Kafin ya dawo an tafa an watse. Haka ya tara ilimi buhu-buhu, kowanne da kai babu wutsiya. Unguwa ta sa masa Farfesa don tsokana, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, har ta kai in ka kira shi da sunansa na yanka ba ya waiwayowa.

Da ofis suka kawo ƙofa mai buɗe kanta da kanta, sai suka sallame shi. Ya dawo gidan Baba da matarsa, da akwati biyu, da wata farar riga irin ta ɗakin gwaji wadda ya ce kyautar ban-kwana ce. A waje cewa yake shi ya ajiye aiki don sun kasa fahimtarsa. Ni ƙanwarsa ce, tela, shagona a ƙofar gida yake, kuma na sha leƙa shi da rana tsaka a ɗakin baya, ya zuba wa bango ido, ko fanka bai kunna ba. Ya ba ni tausayi, amma da ya fito ya buɗe baki sai tausayin ya gudu.

Babanmu mahauci ne. Shekara hamsin yana tsaye a teburi guda a kasuwa, har gwiwa ta ce ta gaji. Yana da wata wuƙa da wasawa ta cinye rabinta, kuma kowa a layin mahauta ya san duk wanda Baba ya miƙa wa wannan wuƙa, shi ne da teburi da masu sayayya da sunan gida. Kowa ya ɗauka Auta ne. Auta ya kusa arba'in, shekara ashirin yana gefen Baba yana fiɗa, kuma maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Sai Yaya ya ce babba babba ne, kuma zamanin sara da ƙarfi ya wuce, yanzu zamanin kimiyya ne.

Baba ya saurare shi har ya gama, abin da ba kowa ke iyawa ba.

"To, kowa ya sayo akuya ya kiwata wata biyu," in ji Baba. "A yanka, a gasa da gishiri kawai, in ɗanɗana. Wanda namansa ya fi, wuƙa tasa ce."

Auta ya ce to. Washegari ya shigo da wani ɗan taure matashi, ya ɗaure shi a gindin bishiyar tsakar gida, ya riƙa yanko masa ɗanyar ciyawa da safe, da harawa da dusa da yamma. Shi ke nan labarin Auta.

Yaya kuwa sai da ya tara jama'a tukuna. Ya sa farar riga, ya fito da benci ƙofar shagona, ya tare Mai-Wanki da ke maƙwabtaka da mu, da Mai-Kifi da ke kasa tirenta a bakin layi, da duk wanda ƙaddara ta biyo da shi ta wurin. Ya ce mu duk jahilai ne game da kitse. Mu in mun ga fari a jikin nama sai mu ce kitse, alhali a cikinsa akwai sinadarai iri-iri, kowanne da halinsa. Akwai mai tauri, wanda ke daskarewa a dasashi in nama ya huce, ya je ya toshe wa mutum hanyar jini. Akwai mai laushi, wanda ke gyara zuciya ya sa nama ya narke a baki, kuma sarkinsu shi ne omega uku. Abin da dabba ta ci shi ke zama kitsenta. Wannan, in ji shi, da kunnensa ya ji daga bakin abokiyar aikinsa, wata babbar likitar dabbobi.

Mai-Wanki ya tambaya a ina ake samun wannan omegan.

"A kifi," in ji Yaya, ya ɗaga yatsa. "Babu abin da ya kai kifi."

"To ai sai mutane su sayi kifi," in ji Mai-Kifi. "Ga tirena."

Yaya ya dube ta da tausayi, ya ce bambancin mai sayarwa da mai bincike ke nan. Shi zai ɗauko amfanin kifi ya zuba shi cikin akuya, mutum ya ci nama ya samu lafiyar kifi. Nan da shekara, in ji shi, asibitoci za su riƙa rubuta wa marasa lafiya teburin Baba a takardar magani.

Ya tafi kasuwar dabbobi ya dawo da wani tsohon bunsuru, ƙato, mai gemu har ƙirji, wanda warinsa ya riga shi shigowa gida. Auta ya dube shi ya ce, "Yaya, ya tsufa." Yaya ya ce babban gwaji sai babban jiki. Ya raɗa wa bunsurun suna Darakta, kuma na lura yana jin daɗin daka masa tsawa da wannan suna.

Aka fara da ƙwayoyin man kifi daga kemis. Ya cusa guda goma cikin dusa. Darakta ya cinye dusar tas, ya bar ƙwayoyin a gefen kwano, goma cif, a lashe. Yaya ya ce wannan alama ce ta basira, dabba mai iya tantancewa. Washegari ya huda ƙwayoyin ya matse su cikin kwalba, ya ƙara man girkin matarsa don ya auku, ya ari mazurari, ya hau bayan Darakta ya ɗura masa. Bayan awa biyu cikin Darakta ya fara ƙugi, har ina jiyowa daga kan keken ɗinki. Abin da ya biyo baya ba zan bayyana shi dalla-dalla ba. Abin da zan ce kawai, Darakta ya tsinke igiya ya faɗa filin shanyar Mai-Wanki, kuma ranar fararen kaya aka shanya.

Mai-Wanki ya zo riƙe da zanen gado na wani otal, ya buɗe shi a gaban Yaya. Yaya ya sunkuya ya duba da kyau, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Tsohon kitsen ne ke fita."

"A kan zanen mutane?"

"Ka adana shi. Wata rana za a nemi shi a matsayin shaida."

Sai da na shiga tsakani, na yi alkawarin ɗinka wani, sannan aka rabu ba a kai ga hannu ba.

Mai hankali da a nan ya tsaya, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yaya ya yanke hukuncin cewa man kwalba na bogi ne, dole a koma tushe. Ya lallaɓi Mai-Kifi ta riƙa tara masa kawuna da kayan ciki a bokiti, ita kuwa ta yi murna, dama zubar da su wahala yake mata. Kwana uku Darakta yana juya wa kwanon baya. Yaya ya janye ciyawa, ya zauna a gabansa yana cin soyayyen kifi yana lumshe ido don ya kwaɗaitar da shi. A rana ta huɗu yunwa ta yi aikinta. A rana ta shida Darakta ya daina kallon ciyawa gaba ɗaya, in ya hango bokiti sai ya miƙe da ƙafafun baya yana kuka.

Ƙudaje ne suka fara zuwa, sannan kyanwoyi. Da farko biyu ne a kan katanga. Kafin mako ya zagayo sun jeru tun daga ƙofar banɗaki har bakin zaure, kowacce ta naɗe wutsiya tana kallon Darakta. Mutane daga layi na uku suka riƙa sallama suna tambaya ko mun ga kyanwarsu, kuma kullum amsar ita ce e. Yaya ya ce dabba ba ta ƙarya, ga sakamakon gwaji nan a kan katanga tun kafin a yanka.

Matar Yaya mace ce mai haƙuri, ta jure masa shekara ashirin na lacca. Amma wata safiya na ga ta fito da jaka. Ta ce ta wanke labule, ta wanke matashi, ta wanke kanta har fatarta ta yi fari, jiya kuma a motar haya wata mata ta tambaye ta nawa take sayar da kilo. Za ta je gaida mahaifiyarta.

"Yaushe za ki dawo?" in ji Yaya.

"Ranar da ɗayanku ya bar gidan nan, ko kai ko Darakta."

Ya raka ta bakin titi yana gaya mata duk matan manyan masu bincike sun sha irin wannan. Da ya dawo ya tarar ba a ɗora tukunya ba, sai ya zo shagona yana tambaya ko akwai saura.

Da aka shiga wata na biyu sai ya ga kamar aikin yana tafiyar hawainiya. Ya ce ta baki kaɗai ba za ta fisshe shi ba, a haɗa da ta fata. Kowace safiya sai ya shafe Darakta da man kifi tun daga ƙaho har kofato, yana murzawa kamar mai yi wa jariri tausa. Darakta ya koma sheƙi, in rana ta haska shi sai ka kare ido. Abin da Yaya bai lissafa ba shi ne igiya. Duk ƙullin da aka yi sai ya zame ta kai. Darakta ya gane haka kafin ubangidansa, kuma ya san hanyar bakin layi.

Ina cikin ɗinki na ji kururuwar Mai-Kifi. Na leƙa na ga Darakta da ƙafafun gaba a kan tirenta, kifi a baki, wutsiyar kifin tana reto a gefen gemu. Maza uku suka yi kansa. Na farko ya rungumo wuya, ya tsinci kansa rungume da iska. Na biyu ya kamo ƙafa, ta sulluɓe ya zauna a kwata. Na uku direban babur ne, ya dubi rigarsa, ya dubi Darakta, ya ce shi yana da fasinja. Yaya ya iso da farar riga yana haki, yana roƙon kada a firgita shi, firgici yana taurara kitse.

"Shekara ashirin ina korar kyanwa da ƙuda," in ji Mai-Kifi. "Yau kuma akuya. Gobe me za ka koya wa, jaki?"

"Ki gode wa Allah. Ya zaɓi naki ya bar na kowa, shaidar inganci ce."

"Ni kaɗai ke sayar da kifi a layin nan."

"To kin gani."

Ta jefe shi da kan tarwaɗa. Darakta ya cafe kafin ya faɗi ƙasa.

Daga nan ne tunani mafi girma ya zo masa. Ya shigo shagona da sassafe ido jawur, ya ce ya gano abin da masana suka manta. Me ya sa kitsen kifi ya fi laushi? Saboda iyo. Kifi ba ya tsayawa wuri guda kitse ya daskare masa. Na ce masa, Yaya, akuya da ruwa ba sa ga maciji. Ya ce haka aka ce wa wanda ya ƙera jirgin sama.

Babban duron Mai-Wanki ya nufa, wanda ake tara ruwan ɗauraya, lokacin mai shi ya tafi kai kaya. Ya jingina katako ya jawo Darakta da kan kifi har sama, ya tura. Darakta ya faɗa da wani kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba, ya buga ƙafa sau biyu, ya dako tsalle ya fito. Yaya da ya sunkuya zai duba salon iyon, ƙaho ya ɗauke shi ta ƙasan riga, sai ga Farfesa a cikin duro, kai ƙasa, takalma sama. Auta ne ya zo ya zaro shi ta ƙafa, ya tsayar da shi, ya koma wajen taurensa. Man kifin ya taso ya rufe saman ruwan, kuma Mai-Wanki bai lura ba sai da ya ɗauraye kayan makarantar wani gida guda. Tun daga ranar ya daina gaishe mu.

Duk wannan Baba yana kan kujerarsa a inuwa, ƙafa a miƙe, yana kallo. Na ce masa ya tsawata. Ya ce wata biyu ya bayar, kuma bai ga wata biyu sun cika ba. Na lura dai ya koma cin abincinsa a shagona, ya ce iskar nan ta fi.

Ranar ɗanɗano, da Baba ya so a yi ta a tsakar gida mu kaɗai, Yaya ya mai da ita taro. Ya aro kujeru da lasifika, ya gayyato mahautan layin Baba kaf da shugabansu, ya sa na ɗinka masa dogon ƙyalle aka rubuta NAMAN GOBE a jiki, aka ɗaure shi a saman wurin gashi. Na ɗinka, don in ban ɗinka ba zai ce hassada ce. Abin da ya fi ba ni mamaki, likitar nan da yake ambato da gaske akwai ta, kuma ta amsa gayyata. Mace ce mai fara'a, da tabarau. Tana sauka daga mota ta hango Yaya, ta washe baki.

"A'a, Baba Maigadi. Ashe kana nan lafiya? Wallahi mun yi kewarka a ƙofa."

Lasifika tana kunne a hannun Yaya. Kowa ya ji. Yaya ya yi tari, ya bayyana wa jama'a cewa a ofis haka ake kiran mai kula da shige da ficen ilimi.

Tauren Auta aka fara yankawa, ba hayaniya. Da aka zo kan Darakta sai aka ga turke da igiya. Mahauta shida, waɗanda kowannensu ke kayar da sa shi kaɗai, suka bi shi tsakanin kujeru. Ya bi ta ƙarƙashin shugaban mahauta, ya fito ta bayan Likita, ya zagaya wurin gashi sau biyu, duk wanda ya taɓa shi sai ya dubi tafinsa ya shafa a wando. Mai-Kifi ce ta gaji, ta ce ku matsa, ba haka ake kama irin wannan ba. Ta aika aka ciro gidan sauron Yaya, ta riƙe gefe, Mai-Wanki ya riƙe gefe, suka ja shi a ƙasa tun daga bakin zaure. Da raga aka kama Darakta, yana ta wutsil-wutsil a ciki. Mai-Wanki ya yi dariyarsa ta farko cikin mako uku.

Da aka feɗe, mahauta suka kewaye suna kallo. Kitsen tauren Auta fari ne tas, ya kama jikinsa. Na Darakta kuwa ya yi wani rawaya-rawaya, yana naso, in ka ɗaga sai ya bi yatsu. Shugaban mahauta ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago a hankali, ya ja da baya taku biyu. Yaya ya ɗauki lasifika ya ce jama'a su shaida, wannan laushin da suke gani shi ne omega uku da idonsa.

Aka gasa na Auta aka zagaya da shi a faranti. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar tauna. Baba ya ɗauki yanka ɗaya, ya tauna da sauran haƙoransa, ya miƙa hannu ya ƙara.

Yaya ya ce shi zai gasa nasa da kansa, don wuta ma tana da lissafi. Ya jera tsoka a kan waya, ya ɗora kitse a sama don ya ratsa. Kitsen ya zube cikin garwashi gaba ɗaya, wuta ta tashi ta lashe ƙasan ƙyallena, ta tafi da girar Yaya ta hagu. Aka watsa ruwa. Sannan hayaƙin ya sauko kan jama'a. Ƙarnin kifin da ya kwana ne, a haɗe da warin tsohon bunsuru, kowanne yana neman ya danne ɗan'uwansa. Layin gaba na kujeru ya koma layin baya. Kyanwoyin katanga suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya.

Ya zagaya da faranti da gira ɗaya. Shugaban mahauta ya ce likita ya hana shi nama tun da safe, alhali maiƙon tauren Auta yana leɓensa. Mai-Wanki ya ce shi ya riga ya san ɗanɗanon ta hanci. Mai-Kifi ce ta yi ƙarfin hali ta gutsura, ta tauna. Ya matso kusa da ita.

"Yaya kika ji?"

"In a tirena yake, kwana uku ke nan da ya kamata in zubar."

Sai ya juya wajen Likita, ya miƙa mata lasifika, ya roƙe ta ta yi wa jahilai bayani. Baiwar Allah ta so ta kauce, ya matsa. Ta tambaye shi me ya ba dabbar, ya lissafa mata da alfahari, har da iyo. Ta cire tabarau ta goge.

Ta ce farkon maganarsa gaskiya ne, abin da dabba ta ci yana taɓa kitsenta, kuma kitse mai laushi yana da amfani. Amma a laccar da ta yi ta ci gaba da cewa ɗan kaɗan ake sawa, a aune, a cikin abinci. Tumbin akuya yana juya yawancin man ya koma mai tauri, in aka cika kuma cikinta ya ɓaci, nama ya ɗauki ƙarni, ya yi saurin lalacewa. Tsohon bunsuru kuwa dama yana da nasa sinadaran kitsen da ke ba shi wannan wari, shi ya sa ake zaɓen matashi. Kuma hanya mafi sauƙi ta samun kitse mai kyau ita ce ɗanyar ciyawa.

Duk aka juya aka kalli Auta. Auta yana wanke faranti.

"Ba ka ji wannan ɓangaren ba?" in ji Likita a hankali.

Yaya ya dubi farantin da ke hannunsa.

"An yi hon," ya ce.

Dariyar da aka yi ba zan iya kwatanta ta ba. Shugaban mahauta har da riƙe ciki, Mai-Wanki ya zauna a ƙasa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, amma da na dubi Yaya tsaye da faranti a hannu, rigar ta yi baƙi, babu wanda yake kallo sai Baba, sai dariyar ta maƙale mini.

Baba ya ce a kawo masa. Aka ce Baba bari, ya ce alkawari ya yi zai ɗanɗana biyu. Ya ɗauki yanka ɗaya, ya tauna, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar. Sannan ya zaro wuƙar daga cikin tsumman da take naɗe.

"Babba, shekara hamsin duk wanda ya tsaya a teburina ya ce wannan naman mene ne, ina da amsa. Wannan in aka tambaye ni, me zan ce?"

Yaya ya buɗe baki. A karo na farko tun da na san shi, babu abin da ya fito.

Baba ya miƙa wa Auta wuƙar. Auta ya goge hannu a riga, ya durƙusa ya karɓa, ya ce, "Na gode, Baba." Mahauta suka yi masa barka, aka fara naɗe kujeru. Likita ta dafa kafaɗar Yaya ta ce ya riƙa leƙo su, ta shiga mota. Cikin ɗan lokaci wurin ya watse, saura mu 'yan gida, da kyanwoyi, da tulin naman Darakta a tire.

Yaya ya ɗauki tiren zai nufi bola. Baba ya ce ina zuwa. A gidan mahauci ba a zubar da dabbar da aka yanka da sunan Allah, in ji shi, abin da ya ƙi sayuwa mai shi ke cinyewa. Yaya ya dawo ya zauna a bakin zaure, ya ajiye tiren a gabansa. Ya ɗauki yanka ɗaya ya sa a baki. Ina kallonsa daga shago, yana tauna, idonsa yana kawo ruwa, kuma ban san ko naman ne ko ba naman ba.

Sai na ji ƙarar sanda. Baba ne ya taso daga kujerarsa, shi da sai an kama shi yake miƙewa. Ya ja ƙafa har bakin zaure, ya dafa bango, ya zauna a ƙasa kusa da Yaya. Ya naɗe hannun riga, ya sa hannu a tiren.

"Baba, ba sai ka ci ba."

"Wata biyu ɗana yana kiwo. Tun da kake, ban taɓa ganin ka tashi da asuba don wani abu ba sai wannan."

Suka yi ta ci, ba mai kallon wani. Baba yana haɗiya yana runtse ido, yana korawa da ruwa. Can, wajen yanka na biyar, na ga Yaya ya ɗan gyara zama, kafaɗarsa ta fara dawowa daidai. Ya share ido da hannun riga, ya ɗaga yatsa.

"Amma Baba, in ka lura, bai daskare a dasashi ba."

"Rufe mini baki ka ci," in ji Baba, ya tura masa babban yankan.